Jan Negronin Fulgencio da Farin Bangon Surukinsa

A duk faɗin garin Los Aquijes babu wanda bai san Fulgencio Muñante ya taɓa aiki a mashayar wani babban otal a Lima, babban birnin ƙasar, ba, domin Fulgencio bai bar kowa cikin duhu ba. Ya gaya wa fasinjojin babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya gaya wa mai aski, har fadan coci ya gaya wa a ɗakin furta zunubi, ko da yake fadan ya ce masa wannan ba ya cikin abin da ake zuwa faɗa. Irin aikin ne kawai bai cika yin bayani a kansa ba. Firijin mashayar ne ya lalace, shi kuma ya raka mai gyara don ya riƙe masa tocila. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin kanta ya hango mai haɗa giya yana juya wani jan abu a kofi, ya ji an kira abin negroni. Tun daga ranar yake kallon mutanen garinsu da tausayi.

Surukinsa, Don Zacarías Anchante, mahaifin matarsa Hermelinda, tsoho ne mai farin gashin baki da ke dafa giyar pisco da inabin gonarsa, kamar yadda ya taras ubansa yana yi. Magana ba ta dame shi ba. A ganinsa pisco ba ya bukatar komai sai ƙaramin kofi da mutumin da ya iya yin shiru, sai kuma Allah ya haɗa shi da Fulgencio. A wannan shekarar tsohon ya gina sabon ɗaki a bakin titi, inda baƙi masu wucewa za su tsaya su ɗanɗana su saya. An ɗora rufi, an shafe bango da farar ƙasa, fari tas har yana kashe ido, saura bikin rufi kawai, ranar da ake rataye kwalbar shampen a ƙofa a fasa ta da guduma don albarkar gini. Kowa ya san gwiwoyin tsohon sun gaji, ba shi zai tsaya a bayan kanta ba. Makullin ɗakin nan Fulgencio yake so, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya tsaya da babur a gaban rufaffiyar ƙofa yana murmushi alhali fasinjansa na sauri.

Wata Lahadi ana cin faten busasshen dankali da taliya a gidan tsohon, sai Fulgencio ya ajiye cokali ya gyara murya.

"Baba, zamanin zuba wa baƙo pisco tsuransa ya wuce. A Lima dariya za a yi mana."

"Wa zai yi dariyar?" in ji Don Zacarías.

"Manyan mutane, Baba, masu sa kwat da rana tsaka. Akwai abin da ake kira negroni. Da giyar gin ake yin sa, amma ni zan kori gin ɗin in sa naka pisco. Kashi ɗaya pisco, kashi ɗaya vermut, giyar inabi mai zaƙi, kashi ɗaya wata jar giya mai ɗaci ta Italiya. A juya da ƙanƙara, a murɗa ɓawon lemo a kai. Duk wanda ya sha sai ya manta sunan uwarsa."

"Me ya sa mutum zai so ya manta sunan uwarsa?"

"Baba, ƙyale shi," in ji Hermelinda, "ko shayi ya dafa haka yake tallarsa."

Tsohon ya gama tauna abin da ke bakinsa, bai yi gaggawa ba. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin tuluna, ya fito da kwalba guda ya dire a gaban Fulgencio.

"Wannan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ranar bikin rufi ka ba ni in ɗanɗana. In na nemi ƙari, makulli naka ne. In ban nema ba, ka koma kan babur ɗinka, kada in sake jin maganar ɗakin nan a bakinka."

"Baba, ka fara neman igiyar da zan rataya makullin."

A wani babban kanti a birnin Ica ya sami vermut ba wahala. Jar giyar ma ya same ta. Ya ɗauko ta, ya juya ta, ya ga farashin da aka manna mata, ya mayar da ita wurinta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya gaya wa mai kantin cewa daga gani jabu ce, ta ainihin ta fi wannan ja. A hanyar gida ya yi wa kansa bayani. Abu ne mai ja, mai ɗaci. To ja da ɗaci sai an je Italiya?

Ɗacin ya samo a kasuwa, wajen mai sayar da ganyayen magani, wadda ta ba shi hercampuri, ganyen da ake dafa wa masu ciwon hanta. Ta ce tsunkule ɗaya ya isa tukunya. Ya ce ta ba shi damƙi biyu, shi ba mara lafiya ba ne, gwani ne.

Jan kuwa a maƙwabta yake. Doña Otilia, 'yar garin Ayacucho mai rina zaren ulu, tana kankaro ƙwarin rini daga shingen ƙayar bayan gidanta, ta shanya su su bushe. Ya same ta a tsakar gida tana juya tukunya.

"Maƙwabciya, ƙwari na zo ki sam min."

"Ka fara saƙa ne, Don Fulgencio? Babur ɗin ya gaji da kai?"

"Giya zan haɗa."

"Da ƙwari?"

"Italiyawa ma da su suka fara. Ku nan ba ku san darajar abin da kuke da shi ba."

Doña Otilia ta ɗebo kaɗan a bakin cokali ta nuna masa. "Ɗan wannan yana rina bargo guda, kuma in ya kama ya kama ke nan."

"Ni ba bargo zan rina ba, tarihi zan kafa. Cika min gwangwanin nan."

Ta cika masa, ta kuma ce don Allah ranar da za a sha a kira ta, ba don ta sha ba.

Ya shiga kicin ya kori Hermelinda, ya ce aikin akwai sirri. Ya daka ƙwarin a turminta na tafarnuwa, ya tafasa su da ganyen da ɓawon lemo da sukari a tukunyarta ta shinkafa, ya ƙara giyar rake, ya tace da ƙyallen da take tace gahawa da shi. Washegari gahawar gidan ta fito ja, mai ɗacin da ya sa Hermelinda ta tsaya riƙe da kofi tana kallon bango. Da rana shinkafa ta fito ruwan hoda.

"Fulgencio, me ka yi wa tukunyata?"

"A Lima shinkafa mai launi sai a manyan wurare."

"To ka tafi Lima ka ci. Dubi hannunka!"

Hannayensa sun rine ja jawur har gwiwar hannu. Ya wanke da sabulu, ya goga lemon tsami, ya dirza da yashi, jan sai ƙara kyau yake. Da ya fita aiki, wata mata ta sa ƙafa ɗaya a babur, ta ga hannun da ke riƙe da kan babur ɗin, ta janye ƙafarta ta ce ta tuna likita ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa. Kafin yamma labari ya zaga unguwa cewa Fulgencio ya yanka alade a ɓoye don kada ya raba. Maƙwabta suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwanonsa a bayansa, wai sun zo gaisuwa. Doña Otilia ta san gaskiya, amma da aka tambaye ta sai ta ce ita dai ta ji kuka da safe.

Saura gwaji. Ya kira Nicanor, magini, wanda shi ya gina sabon ɗakin, kuma shi ya riƙe 'yar Fulgencio ranar baftisma, don haka compadre suke ce wa juna. Ƙanƙarar firijin gida ƙanana ce, shi kuwa Fulgencio babban dunƙule ya gani a Lima, sai ya roƙo guntu a wajen mai kifi. Ya jera kofuna biyu a kan tebur.

Nicanor ya dubi kofunan, fuskarsa ta canza. "Kofi biyu, compadre? Wata cuta aka ce maka ina da ita?"

"Haka tsarin yake, kowa da nasa."

"Tun muna yara kofi ɗaya muke zagayawa da shi. Yau don ka je Lima bakina ya zama abin ƙyama?"

Dole aka ɗauke kofi ɗaya. Fulgencio ya auna, ya zuba, ya juya da cokali yana kallon sama, ya murɗa ɓawon lemo da yatsu biyu, ɗan ƙaramin yatsansa a miƙe.

"Shi wannan kurɓa ake yi, a hankali, ana tunani."

"Lafiyarka," in ji Nicanor, ya ɗaga kai ya shanye tas, ya kife kofin, ya yarfar da ɗigon ƙarshe a ƙasa kamar yadda aka saba.

Ya dafa tebur da hannu biyu. Hawaye suka gangaro masa, ya bar su suka gangara. Leɓɓansa sun yi ja kamar na amarya.

"Yaya ka ji?"

"Compadre," in ji Nicanor da wata siririyar murya, "hantata ta ce a gaishe ka."

"Ka ji zurfin abin ko?"

"Na ji. Akwai kifi a ciki?"

"Iskar teku ce. Da gangan na sa."

Da Nicanor ya tafi, yana tafe yana dafa bango, Fulgencio ya kurɓa da kansa. Kunnuwansa suka yi ƙara. Ya yarda a ransa cewa akwai ɗan gyara kaɗan, irin wanda gwani kaɗai ke lura da shi. Ya juye komai a tukunya ya ƙara vermut don ya kashe ɗacin, sai zaƙi ya yi yawa. Ya ƙara pisco don ya kashe zaƙin, sai launi ya dushe. Ya ƙara ƙwari don launin, ƙwarin kuwa a ruwan ganye suke, sai ɗacin ya dawo da ƙarfinsa. Haka ya yi ta zagaye har ya ɗaga kwalbar Don Zacarías ya ga babu ko ɗigo. Duk abin da ya mallaka a duniya yanzu yana cikin tukunyar shinkafa.

Bai karaya ba. Ya ce abu mai daraja sai mazubi mai daraja. Ya zaro wata tsohuwar kwalbar shampen mai duhun kore da ta rage tun bikin aurensu, ya ɗura haɗin a ciki, ya toshe, ya ɗaura mata ƙyalle ja da fari a wuya, ya soka furanni. Da sassafe ranar biki, ƙofar sabon ɗakin na buɗe ana shara, ya lallaɓa ya ajiye ta a kan kanta, a wuri mai sanyi. Ya ce gara ta fara sabawa da wurin zamanta.

Shiri ya ɗauke shi lokaci. Ya sa farar riga da ɗan baƙin ɗaurin wuya irin na masu haɗa giya, ya aro farar safar hannu a wajen masu ɗaukar mutum-mutumin waliyyi ranar jerin gwanon coci don ya rufe jan hannunsa. Ko da ya iso, wuri ya cika. Masu jita sun fara, tukwane na turiri a ƙarƙashin rumfar inabi, maginan sun yi wanka sun zauna kusa da abinci. An kafa gicciye a kan rufi, fada yana yayyafa ruwa. A saman ƙofa kuwa, a ƙarshen wata igiya, kwalba na lilo a hankali da ƙyalle ja da fari da furanni.

Fulgencio ya gane kwalbarsa ce. Ya kutsa ya kamo hannun Nicanor.

"Compadre, wa ya rataye kwalbar can?"

"Ni mana. Na same ta a kan kanta an yi mata kwalliya tsaf. Wanda ya kawo ta ya san abin da yake yi."

"Sauke ta."

"In sauke? Ka taɓa ganin an sauke kwalbar rufi? In ta hau, a fashe take saukowa. So kake rufin da na ɗora ya faɗo wa mutane a ka?"

"Ba shampen ba ne a ciki."

"Ko ruwan rijiya ne, ta riga ta hau. Fada ma ya yayyafa mata."

Fulgencio ya fara lissafin yadda zai sami tsani, da wata kwalbar, da abin da zai sa mutum sama da hamsin su juya baya a lokaci guda. Yana cikin haka Don Zacarías ya ɗaga hannu, masu jita suka tsaya. Tsohon yana sanye da fararen kayansa na zuwa coci, gashin bakinsa a taje.

"Uwar rufi ita ce maƙwabciyarmu, Doña Otilia," in ji shi. Aka tafa, ta fito da farar rigarta mai aikin hannu. "Uban rufi kuwa, mai fasa kwalba, 'yata ta hana ni sakat. Ta ce mijinta bai taɓa zama uban komai ba a garin nan, ko na ƙwallon yara. To ga shi. Fulgencio, zo ka karɓi guduma."

Wuri ya ɗauki tafi. Hermelinda tana kallonsa tana murmushi, idonta ya kawo ruwa. Gaskiyar magana, Fulgencio ya daɗe yana jin ciwon abin nan. An yi rufi a garin nan ba iyaka, an yi uban rufi da mai gyaran taya, an yi da kurma, shi ba a taɓa kiransa ba. Yau ga gudumar da aka naɗe da ƙyalle ana miƙo masa a gaban kowa, kuma abin da zai fasa da ita shi ne makullinsa. Ya karɓa, domin hannunsa bai jira shawararsa ba.

Ya ce zai yi ɗan jawabi. Ya fara da tarihin inabi. Ya bi ta kan jiragen ruwa, ya shiga girgizar ƙasa, ya fito ta Lima, inda ya daɗe. Yana magana yana satar kallon igiyar ko za ta tsinke da kanta ya cafe. Maginan suka fara kallon tukwane da baƙin ciki.

"Compadre," Nicanor ya ɗaga murya, "taliya na sanyi!"

Babu sauran mafaka. Ya ɗaga guduma, ya kai duka, ya bi ta gefe da gangan. Kwalba ta yi lilo ta dawo lafiya lau. Tsofaffin mata suka ja numfashi, suka yi alamar gicciye, domin kowa ya san kuskuren uban rufi ba alheri ba ne ga gida.

"Iska ce," in ji Fulgencio.

"Wace iska?" in ji Doña Otilia. "Ko gashin kaina bai motsa ba."

Ya sake ɗagawa, wannan karon ya ɗan taɓa ta, ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya.

"Gaishe ta kake yi?" wani ya tambaya daga baya.

"Safar hannun ce ke da santsi!"

"To cire ta mana!"

"Ba a cirewa. Tsari ne."

"Don Zacarías," in ji wata tsohuwa, "tun wuri ka karɓi gudumar nan, kafin ya jawo wa ɗakin nan abin da ba a so."

Tsohon bai karɓi gudumar ba. Ya matso dai kusa da ƙofa, ya dubi surukinsa. "Fulgencio, a Lima ba a koya muku fasa kwalba ba?"

"Compadre, in ta fi ƙarfinka ba wa Hermelinda!" in ji Nicanor. Wuri ya fashe da dariya, har fada ya rufe baki da littafinsa.

To, Fulgencio yana iya jure yunwa, yana iya jure rana, amma a yi masa dariya a haɗa da Lima, wannan ba ya cikin abin da zai iya. Jini ya hau masa ka. Ya manta negroni, ya manta makulli, ya ja da baya ya riƙe guduma da hannu biyu.

"Ku matsa ku ga yadda ake yi a babban birni!"

Ya kuwa same ta a tsakiya.

Abin da ya fito bai yi kumfa ba. Ya watsu ne, ja jawur, daga saman ƙofa har ƙasa, ya yi wa farin bangon nan fenti daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya gangaro layi-layi. Ya sami Doña Otilia daga wuya zuwa gwiwa. Ya sami fada a kafaɗa. Ya sami Don Zacarías a fuska, farin gashin bakinsa ya koma kamar an tsoma shi a miya. Warin maganin hanta ya tashi ya danne ƙamshin abinci.

Wata mata ta ƙwala ihu, "Jini! Budurwa Maryamu, bango na zubar da jini!" Mutum biyu suka durƙusa.

Doña Otilia ta ɗago gefen rigarta ta duba da idon sana'a. "Ba jini ba ne. Ƙwarina ne." Ta juya ta dubi Fulgencio. "Kuma na gaya maka in ya kama ya kama."

Don Zacarías yana tsaye inda yake, jan abu na ɗiga daga gashin bakinsa. A hankali ya fito da harshe ya lasa. Ya rufe ido. Gashin bakin ya yi rawa, wata jijiya ta tashi a wuyansa, amma bai yi tari ba, domin shi mutum ne da ya sha abubuwa da yawa a rayuwarsa.

Fulgencio ya ga dai an ɗanɗana, kuma sharaɗi sharaɗi ne. Ya gyara ɗaurin wuyansa.

"Da ƙanƙara ya fi fitowa, Baba. Akwai ɗan saura a gindin kwalbar, in za ka ƙara."

Tsohon ya buɗe ido. "Pisco na yana cikin wannan?"

"Dukansa, Baba."

Don Zacarías ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Allah ya ji ƙansa," in ji shi. Maginan ma suka cire nasu.

Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, sabo fil, ya miƙa. Fulgencio ya tsaya baki sake. Zuciyarsa ta yi tsalle, ya karɓa da hannu biyu, ya juya wajen jama'a ya buɗe baki zai fara sabon jawabi.

"Bokiti da buroshi suna bayan kanta," in ji tsohon. "Buhun farar ƙasa ma yana nan. Ranar da bangon nan ya koma fari, ka kawo min makullina. A zuba abinci."

Washegari ya shafa farar ƙasa. Da ta bushe, jan bai tafi ba, sai ya rikiɗe ya koma shunayya kamar ɓawon inabi, ya kuma ƙara faɗi. Ya sake shafawa, ya sake fitowa. Masu wucewa suka riƙa rage gudu suna ba shi shawara. Shi kuwa ya sami igiya ya rataya makullin a wuya, a saman riga, ya gaya wa fasinjoji cewa ɗakin yana hannunsa yanzu, ana ɗan gyare-gyare ne kafin a buɗe. Da rana yakan buɗe ƙofar ya shiga, ya tsaya a bayan kantar da babu komai a kanta, ya goge ta da tsumma. Can ƙarƙashin rumfar inabi tsohon yana zuba wa baƙi pisco tsuransa a ƙaramin kofi, Hermelinda na miƙa musu.

Sannu a hankali farar ƙasa ta fara cin nasara. Wata safiya Fulgencio ya zo ya taras bangon ya kusa komawa yadda yake, sai ɗan inuwa-inuwa a saman ƙofa. Shafa ɗaya ta rage. Ya tsaya da buroshi a hannu, ɗaya hannun a kan makullin, ya tuna da zarar bangon ya yi fari sai ya mayar da shi. Ya duba hagu, ya duba dama. Akwai ɗan sauran garin ƙwari a gwangwani, ya tsunkula ya jefa a bokiti, ya juya. Da yamma bango ya fito shunayya, Fulgencio ya tsaya a bakin titi yana girgiza kai yana gaya wa mutane cewa farar ƙasar yanzu ba ta da kyau.

Haka aka yi ta yi, har garin gwangwanin ya kusa ƙarewa. Ran nan yana kan tsani sai ya ji takun sanda a bayansa. Don Zacarías ne, gashin bakinsa an rage shi sosai, amma har yanzu da ɗan ruwan hoda a gefe. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya leƙa bokitin.

"Taurin kai gare shi, Baba," in ji Fulgencio daga sama. "Amma ina kansa. Ko a Lima irin wannan tabon..."

"Sauko."

Ya sauko, hannunsa ya kai kan makullin ya damƙe. Tsohon ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli a leda, ya sa masa a tafin hannu. Busassun ƙwarin rini ne, masu yawa.

"Otilia ta ce naka ya kusa ƙarewa," in ji Don Zacarías. "Ka riƙa sa kaɗan-kaɗan, zai kai ka girbi. Muddin kana wajen bangon nan, tulunana suna zaune lafiya."

Ya juya ya tafi yana dogara sandarsa. Fulgencio ya bi shi da kallo. Ya dubi ƙullin, ya dubi makullin. Sannan ya kwance ledar, ya tsunkuli kaɗan kamar yadda aka ce masa, ya jefa a bokiti.